Rafin Direba

Da can Rafin Tsamiya ake ce masa. Daga duwatsun arewa yake gangarowa, ya ratsa gonaki, ya zuba a babban kogi can bayan gari. Da rani yashi ne zalla. Da damina kuwa, in aka yi ruwa a duwatsu, sai ya tumbatsa ko da digo ɗaya bai sauka a gari ba.

Wata ranar kasuwa wani direban bas ya iso bakinsa, ya ga ruwan ya yi ja, ya kashe mota. Fasinjoji suka yi masa ca. Wanda ya fi kowa ɗaga murya wani ɗan kasuwa ne a kujerar gaba.

"Direba, shiga mana. Ko akuya ta haye wannan."

Ya shiga. Ruwa ya kifar da motar, mutum tara suka rasu. Shi da ɗan kasuwar suna cikin waɗanda suka fita.

Direban bai ƙara riƙe sitiyari ba. Ya kafa rumfar faci kusa da tasha, inda kullum yake jin kwandastoci suna kiran "Rafin Direba, saura mutum biyu." Matarsa ta ce mutane za su gaji su daina. Har ta rasu ba su daina ba.

Da gemunsa ya yi fari, hukuma ta gina gada a wurin. Ya ji an ce za a kafa allon sunan rafin, kuma ɗan kasuwar nan ne shugaban kwamitin aikin. Ya wanke baƙin mai daga hannunsa, ya je ofishinsa.

"Ranka ya daɗe, alfarma nake nema. A rubuta sunansa na asali."

"Wane suna ke nan?"

"Rafin Tsamiya."

Shugaban ya yi dariya. "Ina tsamiyar? An sare su tuntuni. Kai da ka yi sa'a, Malam? Wasu neman suna suke ido rufe."

"Kana cikin motar ranar," in ji direban a hankali. "Ka san yadda aka yi."

"Na san kai ke tuƙi." Ya juya ya ɗauki wayarsa.

Aka kafa allon, kore, da manyan baƙaƙe. Direban ya sayar da injin iskarsa, ya koma wurin 'yarsa da ke aure a wani ƙauye cikin duwatsun, inda ba wanda ya san fuskarsa.

Bayan gidan akwai wani ɗan siririn ruwa da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, ko idon sawu bai kai ba. Wata safiya ya tarar da wata tsohuwa tana wanki a wurin, ya gaishe ta, ya tambayi sunan ruwan.

"Ai nan ne mafarin Rafin Direba, Baba," ta ce tana matse zane. "Wani mashayi ne, an ce, ya halaka mota guda a can ƙasa."

Bai taɓa kai giya bakinsa ba. Ya ce mata sannu da aiki, ya koma gida.