Kumatun Fumika da Koren Mai

Gidan Osanai shi ne na ƙarshe a ƙauyen, bayan gonakin tuffa, inda hanya ke fara hawa dutse. Mata huɗu ne a cikinsa. Akwai Kaka Tome, wadda ta haura saba'in amma har yanzu ita ke kwashe dusar ƙanƙara daga bakin ƙofa. Akwai 'yarta Masae, mai aiki a ma'ajiyar da ake tantance tuffa ana jerawa a kwali. Sai 'ya'yan Masae biyu: Kanae mai shekara ashirin da ɗaya, wadda ke tsaron sashen kayan shafa a wani kantin magani a cikin gari, da autarsu Fumika, 'yar shekara goma sha biyar, a ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare.

Ba su rasa abinci ba, ba su rasa kananzir ɗin ɗumama ɗaki ba. Mota ta biyu suka rasa. 'Yar motar da suke da ita, Masae ke fita da ita tun biyar da rabi na safe, ta sauke Kanae a tasha, ta wuce aiki. Saboda haka, yayin da sauran 'yan aji ke sauka daga motocin iyayensu a ƙofar makaranta, Fumika da ƙafa take zuwa, tafiyar minti arba'in, iska na marin fuskarta. Kumatun matan gidan kuwa duk iri ɗaya ne. Da sanyi ya taɓa su, sannan aka shiga ɗaki mai ɗumi, sai su yi jajawur, da'ira biyu a fuska kamar an zana, su wuni a haka.

Abu ɗaya Fumika ta sa a gaba a wannan hunturun. A birni akwai babbar sakandare mai sashen koyon aikin jinya, kuma makarantarsu kan ba ɗalibai biyu kacal takardar yabo zuwa can. Mai takardar ba ta shiga jarrabawar gasa, hira kawai za a yi da ita. An riga an sa sunan Fumika. Sharaɗin shi ne kada a yi wa ɗaliba baƙin maki uku a littafin ɗa'a kafin ƙarshen watan Janairu. Shekara uku Fumika ba ta taɓa samun ko ɗaya ba.

Ranar Litinin ta farko bayan hutun sabuwar shekara, Malama Segawa ta tsaya a bakin ƙofar makaranta, wurin sauya takalma, tana duba ɗalibai. Ita ce sabuwar mai kula da ɗa'a, an kawo ta a farkon shekarar karatu, kuma wannan ne hunturunta na farko a makarantar. Tana duba tsawon siket, launin gashi, farce da gira. Dokar makaranta ta hana kwalliya ko ta anini. Da Fumika ta iso, Malama ta kira ta da sunan gidansu.

"Osanai, dakata. Mene ne wannan a kumatunki?"

"Ba komai, Malama. Sanyi ne."

"Sanyin ke kaɗai ya sani? Dubi sauran."

Ta zaro jiƙaƙƙen ƙyallen goge kwalliya daga leda ta miƙa mata. Fumika ta goge kunci ɗaya, ta goge ɗayan, ta miƙa ƙyallen fari fat. A ganinta magana ta ƙare.

"Ƙara gogawa. Da ƙarfi."

Ta ƙara. Fatar da sanyi ya riga ya busar ta ɗauki zafi, jan ya ƙaru. 'Yan aji ɗaya da ke wucewa suka rage tafiya suna leƙe.

Malama Segawa ta ɗaga ƙyallen sama ta duba, ta girgiza kai. "Na san irinsa. Na ruwan nan ne mai kama fata, wanda ba ya fita. Ba ke ce yayarki ke sayar da kayan shafa ba?"

"Ita ce, Malama, amma ni ban..."

"Maki ɗaya. Ki rubuto takardar nadama, shafi biyu, nan da Alhamis."

Da yamma, suna zaune a teburin ɗumi, ƙafafu a ƙarƙashin bargo, Fumika ta ba da labari. Kaka Tome ta dire kwanon miyarta har ta fantsalu.

"Nadamar me? Nadamar kama da ni? Shekara saba'in da huɗu ina yawo da kumatun nan, da su na samu kakanku, ba wanda ya ce in rubuta masa shafi biyu!"

"Ke dai kin cuce ni, tsohuwa," in ji Fumika. "Duk gadon duniya ba ki bar mini komai ba sai wannan."

"Ke, rufe mini baki. Naki ma bai kai nawa kyau ba."

Kanae ta fashe da dariya har da riƙe ciki, sannan ta tsagaita. "Kun san abin haushin? Kwalliyar da ake yayi ke nan bana. Fuskar wadda ta shigo daga sanyi. A ɗiga ja a tsakiyar kunci, a ɗan taɓa kan hanci, a sa ɗan ƙyalli a ƙasan ido. Jan kumatun nan da muke sayarwa a kan kuɗi yen ɗari shida, sau uku yana ƙare mana a watan jiya. Mata na tsayawa gaban madubina suna fama su yi kama da wannan 'yar ƙauyen, ita kuma ana hukunta ta a kan na gaske."

Masae ba ta yi dariya ba. Ba ta da damar barin aiki a tsakiyar lokacin tuffa. Ta dubi mahaifiyarta, mahaifiyarta ta gyaɗa kai.

Ranar Laraba Kaka Tome ta sa rigar sanyinta ta fita unguwa, ta naɗe kundin hotuna a ƙyalle, ta bi jikarta da ƙafa har makaranta. Aka shigar da su ƙaramin ɗakin baƙi, aka kawo shayi. Kafin Malama Segawa ta shigo, kumatun tsohuwa da na yarinya duk sun yi jajawur, suna zaune kafaɗa da kafaɗa.

Kaka ta rusuna, ta gode wa Malama bisa ɗawainiyar da take yi da jikarta, sannan ta buɗe kundin. Ga Fumika tana shekara uku a kan dusar ƙanƙara. Ga ta ranar shiga firamare. Ga Masae tana yarinya. Duk kumatu ɗaya.

"Malama, ki dube ni ma. Ko ni ma jan na shafo?"

Malama Segawa ta kalli hotunan ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi ƙwarai. Ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi komai ƙona wa Fumika rai.

"Kaka, na fahimce ki. Da a ce gashi ne, da abin ya zo da sauƙi. Muna da takardar shaidar launin gashi na haihuwa, iyaye su cike, su haɗa da hoton yarinta, su buga hatimi. Amma ba mu da irinta ta kumatu."

"To a ba ni ta gashin, in soke gashi in rubuta kumatu."

"Ba a taɓa takardar makaranta, Kaka."

"To a yi sabuwa mana. Ba inji ke buga ta ba?"

"Sai taron malamai ya amince, kuma sai sabuwar shekarar karatu ake duba dokoki. Ki duba matsayina. Idan na ƙyale Osanai, gobe yara goma za su zo da jan kumatu su ce sanyi ne. Da me zan bambance? Dole in yi wa kowa adalci."

"Adalci," in ji Kaka, tana rufe kundin a hankali. "Yarinya ta taka minti arba'in cikin ƙanƙara don kada ta makara, ki tare ta a ƙofa ki sa ta murje fuskarta a gaban ƙannenta na makaranta. Sannu da adalci, Malama."

Suka rusuna wa juna, kowa ya kama gabansa.

Fumika ba ta rubuta takardar nadamar ba. Ta zauna da farar takarda a gabanta, ta kasa samun jimla ɗaya da ba ƙarya ba. Ranar Alhamis Malama Segawa ta tambaya, ta ce babu. Aka yi mata maki na biyu, na ƙin bin umarni. Malama ta ƙara da cewa ranar Litinin za ta sake dubawa, kuma tana fatan Osanai ta san abin da maki na uku ke nufi.

Fumika ta gwada duk dabarar da ta sani. Ta naɗe fuska da mayafin ulu har ido, ta sa takunkumi biyu. Ranar Juma'a ta iso da wuri ta tsaya a banɗaki tana jiran jan ya sauka. Bai sauka ba. Ɗumin ginin ma ƙara shi ya yi.

Ranar Lahadi da rana Kanae ta dawo daga kanti ta ajiye wani ɗan bututu a kan teburi, bai fi tsawon yatsa ba.

"Zo nan, auta. Ɗaure gashinki."

Ta matso ɗan ɗigo a bayan hannunta. Mai ne kore, launin ɗanyen wake.

"Yaya, kore fa? So kike in tafi makaranta kamar kwaɗo?"

"Kwaɗon gidanku. Kore ne ke kashe ja, jahila. Yen ɗari bakwai, kuma zai kai ki har bazara. Tsaya cak."

Ta fara da man laushin fata, ta jira ya shige. Sannan ta ɗiga koren sau uku a kunci ɗaya, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, ta riƙa dannawa da ɗan yatsa a hankali. "Kada ki murza, dannawa ake yi. Kada ki kai shi goshi ko haɓa, sai ki yi fari kamar fatalwa. Inda jan yake kawai. Ba hoda, hoda ce ke tona asiri a hunturu, tana kwanciya a busasshiyar fata." Ta juya mata madubi.

Kunci ɗaya ja, ɗaya kuwa launin fuskar kowa. Ba kore, ba ƙyalli, ba alamar an taɓa.

Fumika ta daɗe tana kallo. "Amma wannan ai kwalliya ce, Yaya."

"Ita ce."

"An hana."

"An hana."

"Idan ta ba ni ƙyallen fa? Zai fito."

"Wa take ba ƙyalle? Wadda ta ga ja a fuskarta. Ke kin taɓa ganin ta tsayar da mai farar fuska?"

Kaka Tome na gefe tana yanka kabeji da ƙarfin da ya fi na kabeji. "Ni dai ba da yawuna ba. A ce yarinya sai ta shafe fuskar uwarta da ta kakarta kafin a yarda ba ta shafa komai ba? Ni zan koma wurin shugaban makarantar da kaina."

"Ki koma, Kaka," in ji Kanae. "Zai ba ki shayi, ya ce zai duba. Kafin ya gama dubawa Litinin ta wuce, an ba wata ɗaliba takardar yabon."

Wuƙar tsohuwa dai ta ci gaba da sara.

Fumika ta jawo farar takarda. Ta rubuta cewa ta yi nadamar zuwa makaranta da fuskar da ba ta dace da ɗaliba ba. Ta rubuta cewa ta jawo wa malamai damuwa, ta zama mummunan misali ga ƙannenta na makaranta. Ta rubuta cewa ba za ta sake ba. Ta danna fensir har ya huda takardar a wuri biyu, ta sake kwafewa a sabuwa da kyakkyawan rubutu. Shafi biyu cif.

Ranar Litinin ta tashi da wuri ta ɗiga koren da kanta, sau uku a nan, sau uku a can. Ta yi tafiyarta ta minti arba'in. A wurin sauya takalma ta miƙa takardar da hannu biyu, kai a sunkuye.

Malama Segawa ta karɓa, ta sa ta ɗago haɓa, ta duba kunci ɗaya, ta duba ɗayan. Ledar ƙyallen na hannunta, ba ta buɗe ba. Fuskarta ta saki.

"Kin gani? Da kin yi haka tun farko, da ba a wahalar da kakarki ba. Wuce."

Bai tsaya nan ba. A taron safe na 'yan ajin ƙarshe, Malama ta sa Fumika ta miƙe.

"Ku dubi Osanai. Ta yi kuskure, ta gane, ta gyara. Ga fuskarta nan kamar yadda aka haife ta, ba abin da ya fi wannan kyau ga ɗaliba. Ku yi koyi."

Aka tafa. Fumika ta tsaya, hannaye a gefe, tana jin kumatunta na ci da wuta a ƙarƙashin man, ba mai gani. Maganar ta taso mata har bakin harshe: Malama, ba ni ƙyallen nan yanzu, a gaban kowa. Ta san idan ta faɗa, ƙyallen zai fito da kore, Malama za ta ji kunya na minti ɗaya, ita kuma ta rasa makarantar jinya. Ta cije leɓe, ta rusuna, ta zauna.

A ƙarshen watan shugaban makaranta ya kira ta ofis, ya miƙa mata takardar yabon a cikin doguwar ambulan mai hatimi. Ya ce Malama Segawa da kanta ta yi magana a kanta a taron malamai, ta ce yarinya ce mai karɓar gyara. Fumika ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya.

A hanyar gida, da ta wuce gonar tuffa ta ƙarshe, ta tsaya ta ɗebi dusar ƙanƙara mai tsabta ta wanke fuskarta har fatar ta yi zafi, sannan ta ci gaba da tafiya da ambulan a cikin riga don kada ta jiƙe.

Fumika ta gane cewa makarantar ba ta damu da abin da ke kan fuskarta ba, muddin fuskar ta yi kama da ta kowa. Ta gane kuma cewa an hukunta ta lokacin da take da gaskiya, an yaba mata ranar da ta fara ƙarya, kuma ita da hannunta ta zaɓi takardar yabon.