Waya Mai Kan Zinariya

Wayoyin haɗa kayan sauti goma sha ɗaya ne kwance a kan teburin, kowace an farke mata wuya, jan ƙarfen cikinta ya leƙo waje. Wanda ya farke su yana tsaye a kansu da 'yar wuƙa a hannu, ya karkata kai yana sauraro. Ƙarar tana nan. Siririya ce mai tsini, kamar ta sauron da ya ƙi sauka ya yi cizonsa a huta.

Kunne ake ce masa, kuma ba a banza ba. Shekara ashirin da shida yana riƙe da wannan ɗan ɗakin naɗar waƙa mai bango lulluɓe da soso. Bai iya kaɗa ko gwangwani ba, kunnensa ne duk sana'arsa. Makaɗi zai shigo da amfilifaya, akwatin ƙara sautin jita, tana gunaguni, masu gyara uku sun gaza, Kunne ya lumshe ido ya ce, "Ƙyale ta, wayarka ce ta tsinke a wuya." A farke a tarar haka ne. Ya sani sarai, ranar da kunnen nan ya gaza, babu wanda zai ƙara taka matakalar ɗakinsa.

Yau kwana tara da ƙarar ta shigo, gobe da safe kuma ƙungiyar ɗan ƙanwarsa, Dogo mai jita, za ta fara naɗar waƙoƙinta.

Dogo yana zaune a kan amfilifayar, jita a cinya. Ya ce, "Kawu, wallahi ni ban ji komai ba."

"Ina za ka ji? Shekara goma kana tsaye a gindin mai ganga. Kunnenka ya zama na ado."

"To ko mu sayo irin wayar nan mai kan zinariya? An ce ita ko numfashi ba ta yi."

Kunne ya zuba masa ido har sai da Dogo ya sunkuyar da kai. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin nan ya haddace huɗubar: waya waya ce. Ta samu raga mai kyau a ciki da za ta tare mata hayaniya, a liƙe kanta da dalma yadda ya kamata, kada a yi mata tsawon da zai cinye kaifin muryar jita, shi ke nan. Abin da ya wuce haka kwalliya ce, da wayon 'yan kasuwa. Ya sha kunyata makaɗa masu taƙama: ya sa su juya wa sifika baya, ya sauya tasu mai tsada da tasa da ya haɗa da hannu, ya ce su nuna wace ce wace. Ba a taɓa samun wanda ya ci ba.

Ya ce, "Je ka ka ci abinci. Ka dawo da la'asar."

A gida matarsa ta ajiye masa kwano, ta ƙi tafiya. Ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu.

"Baban yara, sau uku na kira ka daga ɗakin girki."

"Ina tunani ne."

"Jiya ma tunanin ne? Ka ƙure rediyo har maƙwabciya ta aiko tambaya ko lafiya." Ta sassauta murya. "Kuma na lura, in ina magana sai ka juyo mini da ɓangaren hagu. Mu je a duba ka mana."

"Waya ce ke damuna a wurin aiki. In na kama ta, shi ke nan."

Ta ci gaba da kallonsa, kuma kallon ya fi maganar ba shi tsoro. Gaskiya ne ƙarar takan biyo shi gida, amma ya riga ya ba kansa amsa: wanda ya wuni a gindin inji ai yakan kwana da sautinsa a kai. Ya ture kwanon ya fita ko rabi bai ci ba.

Shagon wayoyin yana ƙarshen layin masu kayan lantarki. Mai shagon tsohon abokin tsokanarsa ne, shekara da shekaru Kunne yana ce masa mai sayar da kwalliya. Da ya ji abin da aka zo nema sai ya dafe ƙirji.

"Kai? Mai kan zinariya? Bari in leƙa waje, ko rana ta fito ta yamma."

"Ba ni kawai."

"A'a, sai na kira maƙwabta sun shaida. Ina huɗubar ta tafi?"

Kunne bai yi dariya ba. Mai shagon ya dube shi da kyau, dariyarsa ta tsinke a tsakiya. Ya ɗauko kwalin daga saman kanta, ya goge ƙurarsa da gefen riga, ya miƙa masa.

Babu kowa a ɗakin naɗar waƙar da ya dawo. Ya rufe ƙofar mai nauyi, hayaniyar titi ta yanke. Ya zaro wayar daga kwalinta, baƙa mai kauri, kawunanta biyu suna sheƙi. Sai a karo na biyu ya samu ramin jitar. Ya soka ɗaya kan a amfilifaya, ya kunna, ya rufe ido.

Tana nan. Ko gezau ba ta yi ba.

To, ba wayar jita ba ce. Ya zare ta. Ya kashe amfilifayar, ƙaramar jar fitilarta ta dushe a hankali. Ya kashe na'urar haɗa sauti, ya kashe kwamfuta. Ya tuna dogon ƙwan fitilar rufi, irinsu sukan yi tsuwa in sun tsufa, ya kashe shi, ya kashe fanka ya jira har fukafukanta suka tsaya. Da hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ya durƙusa bayan teburin, ya lalubi babbar wayar da ke ciyar da ɗakin gaba ɗaya, ya fizge ta daga bango.

Ya daɗe a durƙushe da filogi a hannu. A duk ɗakin nan babu abu ɗaya da lantarki ke ratsawa. Ya ɗaga yatsa ya toshe kunnen dama, sai ƙarar ta ƙara matsowa, ta yi kyau, ta fito tsaf. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba tun yana yaro, har ya ji yana so ya kira sunan wani, kowa ma.

Aka ƙwanƙwasa, ko kuma an daɗe ana ƙwanƙwasawa, bai sani ba. Ya mayar da filogin da sauri, ya kunna fitila, ya goge fuska. Dogo ya shigo, idonsa ya faɗa kan kwalin.

"Kai! Kawu, ka sayo?"

"Gwada mu ji."

Dogo ya soka wayar, ya kunna amfilifayar, ya ja tsirkiya ɗaya, ya saki fuska. "Lallai! Ka ji yadda ta buɗe? Wannan muryar daban ce." Ya kashe sautin da tafin hannu, ya kasa kunne. "Ƙarar fa? Ta tafi?"

Kunne ya karkata kai kamar yadda ya saba, ya lumshe ido, ya bar lokacin da ya dace ya wuce.

"Ta tafi," in ji shi. "Waya ce."

"Allahu akbar. Abin da mu shida 'yan ƙungiya muka kasa ji!" Dogo ya rataya jitarsa yana ta murna. "Sai na gaya wa kowa. Gobe duk abin da ka ce a gyara, ko ban ji ba, gyarawa za mu yi. Mun bar maka komai, Kawu."

Ya buɗe ƙofar, titi ya shigo da motocinsa. Daga kan matakala ya waiwayo ya ƙara faɗin wani abu, da alamar tambaya ce, don ya ɗaga gira ya tsaya yana jira. Kunne ya kalli leɓunansa har suka daina motsi, sannan ya yi murmushi ya gyaɗa kai.