Abubuwan da Ya Kewaye da Jan Layi

Tana wanke-wanke a bakin famfo Auta ta shigo da waya a hannu, ko jakar aiki ba ta ajiye ba.

"Mama, an gano na'urar Baba."

Uwar ta ɗauraye hannu a hankali. Na'urar ba ta Baban ba ce. Wasu ne can suka harba ta duniyar Mars tun Auta tana goye, ta sauka, ta yi shiru, ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Daga baya wani kumbo da ke kewaya duniyar ya riƙa turo hotunan ƙasar, aka zuba su a intanet, aka ce duk mai ido ya taya nema. Mijinta mai gyaran rediyo ne. Da aiki ya ja baya, sai ya tare gaban tsohuwar kwamfuta a ƙuryar shago yana bin yashi da tsakuwa a cikin hotunan. Duk abin da ya yi masa ƙyalli sai ya kewaye shi da jan layi. A kan kujerarsa ta gaban kwamfutar ciwon ajali ya same shi bara.

"Tana cikin waɗanda ya kewaye?" Abin da ta tambaya ke nan.

"Ban sani ba, Mama."

"To, a duba."

Suka buɗe shagon, warin dalma da ƙura ya tare su. Ƙanin mijin, wanda tun rasuwar yake son a bar masa wurin ya zuba tayoyi, ya leƙo.

"Matar yaya, yau kuma sama za a tafi?"

"In ka gaji da tsayuwa, zo ka danne mana soket ɗin nan, motsi yake."

Ya danne. Auta ta ajiye wayar gefen kwamfutar tana gwada hoto da hoto. Na'urar da ake ta magana a kai ɗan farin ɗigo ce, ba ta kai kan allura ba, da 'yar inuwa a gefe. Har rana ta karkata suna nan, ƙafafun uwar sun kumbura.

Can Auta ta tsaya.

"Ga hoton. Ya buɗe shi, Mama. Ya kewaye wani abu a nan, ita kuma ga ta can. Ya wuce ta."

Uwar ta ɗora yatsu biyu a kan gilashin, tsakanin jan layin da farin ɗigon. Suka cike wurin daidai.

"Sai da na ce ya canza tabarau," in ji ta.

"Da ma duk duwatsu yaya ya yi ta kewayewa," in ji ƙanin mijin, murya ƙasa-ƙasa.

"Wa ya duba ya ce maka duwatsu ne?"

Auta ta ce akwai wasu na'urorin da suka ɓace, amma ba a wannan yankin suka faɗi ba, kada Mama ta wahalar da idonta.

"Na ji. Nuna mini inda ake dannawa."

A satin ta miƙa wa ƙanin mijin makullin shago, aka kai kwamfutar ɗakinta aka ɗora kan teburin guga. Kullum in ta gama shara sai ta zauna, ta buɗe ɗaya daga cikin abubuwan da ya kewaye, ta matso da fuska ta duba da kyau.

"Wannan ma dutse ne, maigida," takan ce, sannan ta kashe ta tashi.