Asabar Ɗin da Bangaskiya Ta Gyara wa Babba

Da Ilyasu makaɗinmu ya tafi Yamai karatu, piyanon majami'armu ta Madarunfa ya zama maraya. Mutum ɗaya ya rage da ya iya taɓa shi ya fitar da waƙa, ita ce Bangaskiya, ɗiyar ƙanena, mai shekara sha uku. Tun tana ƙarama take maƙale a gefen Ilyasu, har hannunta ya faɗa. Ran Lahadi kuwa ba mai gardama, tana kaɗawa mu ƴan zumuntar mata muna bi da tulu da caki, har ƙura ta tashi.

Rigimar a kan koyarwa take. Fasto ya ce bai kamata ikilisiya ta dogara da hannu biyu ba, a buɗe aji ran Asabar, yarinyar ta koyar. Dattawa suka yi ta gyaran murya. Ƙarshe suka ce a gwada ta zuwa idin godiyar amfanin gona. In ba wanda ya iya waƙa ko ɗaya, za a ɗauko wani daga Maradi, mabuɗin akwatin piyano kuma ya koma hannunsa. Ni goggonta na san abin da mabuɗin nan yake a wurinta, domin kullum in an tashi lakwal, wato makaranta, can take zarcewa kafin ta ga tuwo.

Yara huɗu suka shiga ajin, sai babba ɗaya, Malam Timoti shugaban mawaƙa, aminin ubanta. Yaran ba su ba ta wahala ba. Malam Timoti ne matsalar, kuma ba laifinsa ba ne. Mutum ne mai yatsu kamar rogo, in ya nufi maɓalli ɗaya sai ya danne biyu. Ya gama ɓarnarsa ya waiwayo.

"Yaya, ɗiyata? Ya yi?"

Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ya yi, Baba."

Ina bayan benci ina shara, raina na ɓaci. To amma mu muka yi mata tarbiyyar. Mu muka koya mata ta durƙusa in za ta gaishe shi, kada ta dube shi cikin ido, kada ta mayar masa da magana. Yanzu kuma muna so ta ce masa bai iya ba. Asabar ta bi Asabar, gero ya fara fitar da kai, Malam Timoti na ta ƙwarewa a kan kuskure, yana kuma gaya wa dattawa cewa malamarsa ta ce ya yi. Da suka saurare shi sau ɗaya suka dubi juna, na san mutumin Maradi ya kusa hawo mota.

Na kai ƙara wurin mahaifina, Baba Daniyel, kakanta. Yana gyaran ragar kamun kifi a zaure, bai ko ɗago ba. Na zaci bai ji ni ba. Ran Asabar sai ga shi da sandarsa, ya ratsa yara ya zauna daram a kujerar piyano.

"Ke mai kan ƙwarya, an ce ke ce malama. Zo ki koya mini in gani."

Kowa ya san tsakanin jika da kaka ba kunya, sai tsiya. Su biyun nan kuwa tun tana rarrafe suke yi. Ta nuna masa inda zai sa yatsa, ya sa a wani wuri. Ta sake nunawa, ya danna da tafin hannu gaba ɗaya, abin ya yi kuka kamar an taka akuya.

"Kai tsoho, mi kake yi haka? Daka kake ko kiɗa?"

"Daidai na yi, kunnenki ne ya toshe."

"Ba daidai ba ne! Ɗaga hannun. Wanga yatsa nan, wanga nan. Sake!"

Ta kama yatsunsa masu kanta tana jera su ɗaya ɗaya, tana faɗa, yana ramawa, yara na ta kwasar dariya. Ban taɓa jin muryarta ta cika ɗakin nan haka ba. Kafin a tashi, tsohon da bai taɓa kusantar piyano ba ya fitar da layin farko na waƙar godiya, a hankali, amma tsaf. Daɗi ya kama ni har na yi guɗa ban sani ba.

Malam Timoti bai yi dariya ba. Yana tsaye ya harɗe hannu yana kallo. Da Baba Daniyel ya tashi, sai shi ya zauna a kujerar, ya gyara rigarsa.

"Ɗiyata, tsohon ga yini guda ya samu abin da ban samu ba tun farkon damina. Ni ba a yi mini hwaɗa. Ko ban kai a koya mini ba ne?"

Ta mayar da idonta ƙasa. Ni ma gabana ya faɗi, don ba jika ba ce a wurinsa, ba wasan da zai rufa mata baya.

Ya fara kaɗawa. A maɓalli na uku ya kauce kamar kullum, ya tsaya, bai waiwayo ba, yana jira. Bangaskiya ta matso kusa da shi. Sannan ta ɗan rusuna, kamar za ta miƙa masa ruwa, ta ce da ƙaramar murya:

"Baba, ba nan ba ne. Na gaba."

"To, Malama," in ji shi, ya matsar da yatsan.