Ranar da Baba Ya Hana Tauraro Rawa

A yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta labari ba, karantawa kawai na iya, kuma sau uku ina yaga shafin nan kafin na bar shi haka. Amma abin ya tsaya mini a rai, ni kuwa bakina ba ya aiki a gaban mutane, shi ya sa na ce bari hannuna ya gwada.

Babanmu mai gyaran fanka ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne, fukafukan fankoki rataye a bango, gwangwanayen notuna jere a kan kanta. Abin da ya tsana a duniya shi ne ya ga fanka tana rawa. Ko gidan mutane muka je, sai ka ga ya ɗaga kai sama, magana ta tsaya masa a baki. Mama takan zungure shi ta ce, "Malam, gaisuwa muka zo yi, ba aiki ba."

Yayata kuwa taurari ne suka tafi da hankalinta. Makarantarmu ta shirya baje kolin kimiyya, aiki ɗaya tak za a zaɓa ya je gasar makarantu, kuma wannan ce shekararta ta ƙarshe. Sai ta ɗauki wani tauraro mai nisan gaske, wanda haskensa kan yi shekaru a hanya kafin ya iso idonmu, da manyan duniyoyi uku masu zagaya shi, kowace ta ninka tamu sau ɗaruruwa.

"Auta, kin san hasken tauraron ya haɗiye su, ba a ganinsu?" in ji ta wata rana. "To ta ina aka san suna nan?"

Na san amsar, na karanta, amma na fi son in ji daga bakinta.

"Nauyinsu ne ya tona musu asiri. Suna zagaya shi suna jan sa, shi kuma yana ɗan tangaɗi. Wasu mutane suka zauna shekara da shekaru suna auna wannan 'yar rawar. Ke, ba abin mamaki ba ne?"

Wata guda ta yi tana haɗa kwaikwayon tauraron da duniyoyinsa. Ta samo tsohon injin fanka ta rage masa gudu, ta ƙera ƙwallaye uku na yumɓu ta ɗaure su a wayoyi masu tsayi dabam-dabam, ta ɗora ƙwan fitila a tsakiya bisa sifirin, wato nannaɗaɗɗiyar waya mai lanƙwasawa. In ta kunna, ƙwallayen su kama zagaye, ƙwan ya riƙa layi kamar mai jin barci. Ba ta nemi taimakon Baba ba ko sau ɗaya, kuma na lura abin yana ɗan sosa masa rai.

Ranar baje kolin da safe ta riga mu fita don ta shirya teburinta, ta bar wa Baba ya kai mata abin saboda nauyi. Kafin ya ɗauka sai ya ce bari ya gwada. Yana kunnawa fuskarsa ta canza.

"Haba, Injiniya!" in ji shi, don haka yake kiran Yaya. "Kai! Da wannan za ta fita gaban jama'a? A ce 'yar mai gyaran fanka ce?"

Ya jawo sukundireba. Ya ɗaura notuna a gefen da ba nauyi, ya sa ƙarfe ya tokare sifirin ɗin, yana yi yana 'yar waƙarsa ta aiki. Ina tsaye a bakin ƙofa, na san ɓarna ake yi. Na buɗe baki sau biyu. Amma rabon da in ga Baba cikin farin ciki irin haka an daɗe, sai na haɗiye maganar.

A zauren taro teburin Yaya ne na ƙarshe, alƙalai uku suna tebur biyu kafin nata. Ta kunna. Duniyoyin suka zagaya sumul, tauraron kuwa ya tsaya cak kamar an kafa ƙusa.

"Baba," ta ce, muryarta can ƙasa, "me ka yi masa?"

"Gyara miki na yi. Kin gani? Ko gezau."

Idonta ya kawo ruwa. Ban san lokacin da na kama hannun rigarsa ba.

"Baba, rawar ce aikin."

Na yi masa bayani a gurguje, ina in-ina. Ya ƙura wa ƙwan fitilar ido.

"Tsaya, Auta. Kina nufin masanan nan daga rawar kawai suke gane inda nauyi yake?"

"E, Baba."

"To ai sana'armu ɗaya da su!"

Ya durƙusa ya hau kwance notunan. A haka alƙalan suka iske shi. Babbarsu, wata malama mai tabarau, ta ce, "Malam, iyaye daga gefe suke tsayawa."

"Ki yi haƙuri, Malama. Ɓarna na yi, ita nake kwashewa. Aikin duk nata ne."

Ya cire noti na ƙarshe da ƙarfen da ya tokare sifirin ɗin, tauraron ya koma tangaɗinsa. Yaya ta fara bayani murya na rawa, can ta warware, har tana zana da'ira a iska da hannu. Ban taɓa ganinta da kyau irin na wannan lokacin ba.

Malamar ta ce, "Na ji. Amma wa zai yarda cewa rawa kaɗai za ta faɗi abin da ido bai gani ba?"

Yaya ta juya wajen Baba. Sai ta ce, "Baba, juya baya." Ta kashe injin, ta cire ƙwallo ɗaya ta ɓoye a aljihu, ta kifa wa abin kwalin da aka ɗauko shi a ciki, ta huda shi ƙwan fitilar kaɗai ya leƙo. Ta kunna.

Baba ya juyo, ya karkata kai yadda yake yi a shago. Zagaye ɗaya, biyu, uku.

"Babbar tana nan. Ta tsakiyar kika cire, shi ya sa ya fi karkata gefe guda."

Yaya ta fito da ƙwallon daga aljihu. Ta tsakiyar ce. Wani daga cikin alƙalan ya fashe da dariya yana tafi. Malamar ta dubi abokan aikinta, suka gyaɗa kai, ta ce wa Yaya, "Ki shirya, ke za ki je. Amma ki ɓoye wa mahaifinki sukundireba."

Mutane suka yo ca a kan teburin, kowa na son ya ga tauraro mai rawa. Na ji Baba ya fara cewa, "Ai ƙaramar ce ta ankarar da ni, ina take ne?" Kafin kowa ya waiwayo na raɓa ta bayan allo, na fice ta ƙofar gefe.