Goggo Ta Shiga Kwale-kwale

Da mijin Goggo ya yi ritaya, sai suka koma wani ɗan gida a bakin dam, wai su huta. Hutu fa! Duk Asabar tun hantsi motoci ke tsayawa a ƙofa: 'ya'ya, jikoki, surukai har da abokan surukai, kowa ya zo shan iska. Su faɗa ruwa, su fito da yunwa. Goggo ce a kicin, ita ce sharar yashi a falo, ita ce shanya jiƙaƙƙun tawul. Ruwan nan da ake ta yabo, ta taga kawai take ganinsa. Shi kuwa tsohon, da ya ji ƙarar mota sai ya ɗau fatsa ya shige kwale-kwale. Ko tarwaɗa ɗaya bai taɓa kawowa ba.

Wata Asabar ƙafafunta suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Babbar 'yarta ta leƙo kicin, gashi na ɗigar ruwa.

"Goggo, ke kam kin more, kullum kina wurin hutu. Abincin ya kusa?"

Goggo ta damƙa mata ludayi, ta ɗauki filo, ta bi ƙofar baya ta gangara wurin mai hayar kwale-kwale.

"Ɗan nan, kai ni inda ba a jin kira."

"Iya, wuri ɗaya ne, kuma da mai shi."

Ya tuƙa ta har busasshiyar bishiyar da ruwa ya ci rabinta tun lokacin da aka tare kogin. Ga kwale-kwale a ɗaure, ga tsohonta a miƙe, hula a fuska, yana minshari. Goggo ta jawo zaren fatsar. Ba ƙugiya, ba tana, ɗan dutse ne a ɗaure.

"Sannu da aiki, sarkin masunta."

Tsohon ya zabura. "Wa ya mutu?"

"Ni ce na kusa. Ina ƙugiyar?"

Ya sosa ƙeya. "Ai kifi tayar da mutum yake yi."

Ta so ta yi faɗa, wallahi ta so, ƙarfin ne babu. Mai haya ya riƙe mata hannu ta tsallaka.

"Matsa," ta ce.

"Baƙin fa?"

"Sun san hanyar kicin."

Can an jima tsohon ya hango hayaƙi na fita ta tagar gidansu.

"Kamar sun ƙona tukunya."

Goggo ba ta ji ba. Tuni ta karɓe hular ta rufe fuska.