Alhamis ɗin Mai Begila

A matakala ta goma sha ɗaya numfashinsa ya ƙare. Nan Tela ta same shi, ya jingina da bango, akwatin begilarsa a tsakanin ƙafafunsa, bakinsa a buɗe kamar kifin da aka tsamo daga ruwa.

"Baba! Ina ka je da wannan uwar rana?"

Ya ɗaga mata hannu alamar ta dakata. Sai da ya ja iska sau uku sannan ya ce, "Sun rubuta sunana."

"Su wa?"

"Mutanen zaure. Alhamis, ƙarfe goma. Za su saurare ni."

Ta ɗauki akwatin da hannu ɗaya, ta tallafe shi da ɗayan, suka ƙarasa hawa na biyu inda ɗakunansu suke jere, bango ɗaya ya raba su. Shekara tara ke nan suna maƙwabtaka, tun lokacin da mijinta ya rasu ta dawo gidan da keken ɗinkinta. Kowa a layin yana ce wa tsohon Mai Begila, ita kaɗai take ce masa Baba.

Daga tagar barandarsu ana hango sabon zauren kiɗa da aka yi shekara shida ana ginawa, rufinsa fari fat kamar an kifa ƙwarya. Mako biyu ke nan da buɗe shi, amma tun kafin a buɗe shi, mutanen layin suka gama cin ribarsa da baki. Mai shago ya ƙaro firji na biyu. Direban tasi na ƙasa ya sake wa kujerunsa riga. Mai gida ya shafe fuskar ginin da fenti, bayan kuwa ya bar shi da tsagarsa. Ita kanta Tela ta sa rai mawaƙa za su riƙa kawo ɗinki. Ranar buɗewa motoci suka zo suka wuce ta babban titi, ko ɗaya ba ta karyo layinsu ba.

Tsohon bai damu da wannan ba. Da ta zaunar da shi a bakin gado ta miƙa masa ruwa, sai ya ce, "Sun ce za su ware yini guda don tsofaffin makaɗan gari, Alhamis ɗin nan gwaji ne. 'Yata, shekara arba'in da biyu ina busa. A otal na yi, a wajen biki na yi. Ina busa ana tauna, ina busa ana kiran mai kawo abinci, cokula suna ƙara. Wani ma ya taɓa ce min in rage murya yana waya. Sau ɗaya tak nake so in busa mutane su yi shiru."

"Likita fa ya ce ko balan-balan kada ka hura."

"Likita ya taɓa jin ina busa?"

"Ya ji ƙirjinka, ai ya isa."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe.

Washegari da safe 'yarsa ta kira Tela. Ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisa, ita ke nan gare shi.

"Yaya, don Allah ki taimake ni. Ki ɗauke begilar nan ki ɓoye. Huhun nan saura kaɗan, ni na ga hoton. Ni ba ya jin maganata, ke yana jin nauyinki."

"To, zan gani," in ji Tela.

Ta kuwa gwada. Ranar Laraba da hantsi ta shiga kai masa shayi, ta tarar ya fita wanka, akwatin yana kan kujera. Har ta kama hannun akwatin ta ɗaga. Sai idonta ya kai kan gado: ya shimfiɗa farar rigarsa, ya goge takalmansa sai ƙyalli suke, ya jera su a kan tsohuwar jarida. Wuyan rigar ya cinye, zare ya fito. Ta ajiye akwatin inda ta same shi, ta ɗauki rigar ta tafi da ita, ta juya wuyan ta ɗinke.

Ranar Alhamis ta rufe ɗakinta ta bi shi. Tafiyar da ba ta fi ta minti goma ba, sai da suka huta sau huɗu. Ta ƙofar baya aka shigar da su, ta wani dogon lungu mai warin sabon fenti. Wata ma'aikaciya riƙe da takarda ta duba sunansa, ta ce, "Sannu da zuwa, Baba. Minti biyar ne kowa."

Tela ba ta taɓa ganin wuri irin wannan ba. Kujeru jajaye sun hau sama layi-layi har inda ido yake gajiya, wasu ko ledarsu ba a cire ba. Babu kowa a kai. Mata uku ne kawai suke goge ƙasa can tsakiya, suna hirarsu, bokitinsu yana ƙara. Tsohon ya tsaya a tsakiyar dandamali, ya zama ɗan mitsitsi.

Ya ɗaga begilar ya hura. Iska ce kawai ta fito, fuu. Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai kan takardarta. Tela ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ya share bakinsa da bayan hannu, ya sake ɗagawa. Wannan karon murya ta fito, siririya, tana rawa, sannan ta miƙe. Ta tafi har ƙarshen zauren ta dawo cikakkiya, kamar ba daga wannan ƙirjin ta fito ba. Tsohon ya buɗe ido yana kallon sama. Ya ci gaba, wani tattausan kiɗa mai tafiya a hankali wanda Tela ta sha ji ta cikin bango ba ta taɓa sanin haka yake ba. Matar farko ta daina guga. Ta biyu ta taɓa ta uku da gwiwar hannu. Suka tsaya riƙe da sandunansu.

Bai kai minti biyu ba tari ya ƙwace shi. Ya durƙusa, Tela ta hau da gudu ta riƙe shi. Da ya cire hankici daga bakinsa ya yi saurin dunƙule shi, amma ta riga ta ga jinin.

"Mun gode, Baba," in ji ma'aikaciyar, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ba a sa ranar ba tukuna. Gaskiya ma ban sani ba ko bana ne."

A tasi suka dawo. Kansa yana jingine da gilashi, ya ce, "Kin gani? Sun yi shiru."

"Na gani, Baba."

"Mutum uku ne. Amma zauren nan, 'yata, wanda ya gina shi yana da kunne. Yaran da ke tasowa sun huta."

Daga ranar bai sake sauka ƙasa ba. Tela ta riƙa leƙa shi tsakanin ɗinki da ɗinki. Kullum sai ya tambaya ko wani ya zo daga zaure, kullum ta ce tukuna. Ranar Litinin ya ce ta gyara masa gadon ya fuskanci taga. Ranar Talata da safe ta shiga da shayi ta yi sallama sau biyu. Yana kwance a gefensa, hannunsa ɗaya a ƙarƙashin kumatu. Ta ajiye kofin a ƙasa a hankali, ta taɓa goshinsa, ta zauna a bakin gadon har shayin ya huce kafin ta iya kiran kowa.

'Yar ta iso bayan an kai shi makwancinsa. Kwana uku tana tattara kaya, ba ta ce wa Tela komai ba sai gaisuwa. A rana ta ƙarshe Tela ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ƙanwata, ban ɓoye ba. Ni na raka shi ma. Ki yafe min."

'Yar ta ci gaba da ninke zanen gado, ta ninka ta sake ninkawa har ya ƙi ninkuwa.

"Ya busa?"

"Ya busa."

"Da kyau?"

"Wallahi ban taɓa jin irinsa ba."

'Yar ta zauna a kan katifar da aka naɗe, ta rufe fuskarta da zanen. Da direban tasi ya yi hon, ta tashi ta riƙe hannun Tela da hannu biyu, ta saki, ta sauka.

Kafin azahar mai gida ya turo an share ɗakin an sa sabon kwado. Ya ce yanzu unguwar ta yi daraja, ba kowa zai ba wa ba.

Tela ta koma kan kekenta. Akwai siket ɗin wata malamar makaranta da ya kwana biyar yana jira. Ta sa zare, ta daidaita bakin yadin, ta fara. Sai da ta kai rabin layi ta lura tana taka keken sannu-sannu, yadda ta saba in ta san Baba yana barcin rana. Ta dubi bangon. Ta ci gaba a haka har ƙarshen layin.